Rumbun Nesa: Fasahar Gajimare Tsakanin Kasuwar Shinkafa da Taskar Al'adun Kabi

Gabatarwa

Yawancin malaman da ke koyar da Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi sun daɗe suna amfani da fasahar da ake kira gajimare, ko da ba su taɓa kiran ta da wannan suna ba. Duk mai akwatin saƙo na Gmail, da wanda saƙonninsa na WhatsApp suka dawo masa bayan ya sauya waya, ajiyarsa tana cikin wata kwamfuta da ba tasa ba, a wata ƙasa da wataƙila bai taɓa taka ta ba. Haka ma mai na'urar POS da ke zaune a bakin kasuwar Argungu: ƙaramar na'urar da ke hannunsa ba ita ke riƙe da lissafin kuɗin ba, saƙo kawai take aikawa ga wasu manyan kwamfutoci da ke nesa, su kuwa su maido da amsa.

Ke nan tambayar ko mutanen Kabi za su shiga wannan fasaha ta riga ta wuce, domin sun shiga. Abin da ya rage shi ne da wane sharaɗi, kuma wa zai fayyace musu sharaɗin da harshen da suke ji. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa fasahar tana da amfani na zahiri ga cinikin shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu, kuma ita ce hanya mafi sauƙi a yau ta ceto taskar harshe da al'adun yankin daga salwanta. Amma haya ce, kuma wanda ya ɗauki haya a matsayin mallaka zai wayi gari a waje. Bayyana wannan bambanci aiki ne da ya hau kan manazarta Hausa kamar yadda ya hau kan masana kwamfuta.

Ma'anar Fasahar da Yadda Take Aiki

A taƙaice, fasahar gajimare ita ce hayar ƙarfin kwamfuta da wurin ajiyar bayanai ta hanyar intanet, inda mai haya yake biyan gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Tunanin ba sabo ba ne. Tun a 1961 masanin nan John McCarthy ya yi hasashen cewa wata rana za a riƙa sayar da aikin kwamfuta kamar yadda ake sayar da hidimar tarho. Hasashen ya tabbata a kasuwa a 2006, lokacin da kamfanin Amazon ya fara bayar da hayar wurin ajiya da hayar kwamfutoci ga duk mai so. Daga baya Google da Microsoft suka biyo baya. A 2011 hukumar ƙayyade ma'aunai ta Amurka ta fitar da ma'anar da aka fi dogaro da ita, inda ta zayyana siffofi biyar: mai buƙata yana ɗiba da kansa ba tare da jiran ma'aikaci ba, ana isa ga hidimar daga kowace na'ura mai intanet, masu haya da yawa suna tarayya a kan injuna guda, ana iya faɗaɗawa ko taƙaitawa cikin gaggawa, sannan ana auna abin da kowa ya sha.

Mutumin Argungu ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane wannan tsari. Matar da ke turara shinkafa a gida ba ta sayen injin casa. Takan kai shansherarta wurin mai inji, ta biya kuɗin abin da aka casa mata, ta kwashe kayanta. Sayen man inji da gyaransa da albashin yaron inji duk suna wuyan mai shi. Ranar da ta sami buhu goma ta biya na goma, ranar da ba ta da ko tiya ɗaya ba ta biyan komai. Wannan shi ne ginshiƙin fasahar baki ɗaya.

Hayar tana da matakai uku, kuma ana iya kwatanta su da noman fadama. Mataki na farko kamar hayar fili ne tsura: an ba mutum kwamfuta da wurin ajiya, shi zai zuba manhajarsa ya kula da ita. Na biyu kamar filin da aka riga aka kafce, aka haƙa rijiya, aka girka injin ban-ruwa, mai haya iri kawai zai kawo. Wannan ya dace da masu ƙirƙirar manhaja. Na uku kuwa kamar sayen gyararriyar shinkafa ne a buhu: manhaja ce kammalalliya da ake buɗewa a yi aiki, irin su Gmail da Google Drive da manhajojin lissafin shago. Mafi yawan 'yan kasuwa da malamai a mataki na uku suke, kuma a nan ne mai haya ya fi samun sauƙi, a nan ne kuma ikonsa ya fi ƙaranci.

Injunan da ake haya suna cikin manyan gine-gine ne da ake kira cibiyoyin adana bayanai, masu cin wutar lantarki da na'urorin sanyaya wuri dare da rana. Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a birnin Kef a 2020, Google kuma a Johannesbag a 2024. A Nijeriya yawancin cibiyoyin kasuwanci suna Legas, inda wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suke sauka, kamar MainOne da ta fara aiki a 2010 da Equiano ta Google da ta iso a 2022. Kamfanin gwamnatin tarayya na Galaxy Backbone yana da cibiyarsa a Abuja. Wato hoton da ɗalibi ya ɗauka a gaɓar Matan Fada, kafin ya zauna a ma'ajiyarsa, ya ratsa Nijeriya daga arewa zuwa kudu, sau da yawa ma ya tsallaka teku.

Matsalar Suna

Sunan gajimare ya samo asali ne daga al'adar injiniyoyi ta zana siffar girgije a taswirar sadarwa domin nuna sashen da ba su son yin bayaninsa dalla-dalla. Suna ne da aka raɗa don a ɓoye abin da ke ciki. Da aka fassara shi kai tsaye zuwa Hausa, sai ya zo da wani nauyin ma'ana da ya ƙara rikita lamarin. A tunanin Bahaushe, hadari ne ke kawo ruwa. Gajimare abu ne mai wucewa, ba shi da mai shi, ba shi da mazauni, iska tana tara shi tana watsa shi. Ɗan kasuwar da aka ce wa ya zuba lissafin dukiyarsa a gajimare yana da hujjar yin ɗari-ɗari. Wanda kuma ya yarda, zai iya ɗauka cewa ajiyarsa ta hau sama inda babu wuta babu ɓarawo babu mai karɓar haya. Dukkansu biyu sunan ya ɓatar da su.

Kalmar rumbu ta fi kusa da gaskiyar abin. Rumbu yana da mai shi, yana da wurin da aka kafa shi, yana da baki da marufi, gara tana iya cin sa, gobara tana iya lashe shi. Tun da an riga an saba da “rumbun adana bayanai” a kafafen watsa labarai, sai a ƙara sifar da ke bambanta wannan da na gida, a ce rumbun nesa. Za a iya cewa rumbu ajiya kawai yake nunawa, alhali fasahar ta haɗa da sarrafa bayanai. Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma maganinta shi ne a yi amfani da kalmomi biyu: rumbun nesa ga ɓangaren ajiya, kwamfutar haya ga ɓangaren aiki. Ba dole ne kalmar Hausa guda ta ɗauki duk abin da kalmar wani harshe ta ɗauka ba.

Manazarta Hausa suna da tarihin irin wannan aiki. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, shi ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi da ake koyarwa da su har yau. Fannin sadarwar zamani yana jiran irin wannan hoɓɓasa. Idan sassan Hausa ba su yi ba, injunan fassara za su yi, kuma sun riga sun fara: Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013.

Amfaninsa ga Cinikin Shinkafa

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991, ta zama cibiyar siyasar shinkafa a Nijeriya cikin shekaru goma da suka gabata. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015. A 2016 jihar ta haɗa gwiwa da Legas aka fito da shinkafar Lake Rice. A 2017 aka buɗe kamfanin WACOT a Argungu, mai ƙarfin sarrafa tan 120,000 a shekara a lokacin, ga kuma kamfanin Labana a Birnin Kebbi. A ƙarƙashin waɗannan manya akwai dubban ƙananan manoma da dillalai da 'yan sari da masu ƙananan injuna da mata masu turarawa. Duk wannan sarƙa a kan lissafi take tafiya: wa ya karɓi taki, wa ya kawo buhu nawa, nawa aka auna a sikeli, wa ake bi, wa ke bi.

Amfani na farko shi ne rage jarin farawa. Ƙungiyar gama-kai ta manoma da ke son rajistar mambobinta da gonakinsu, a da sai ta sayi babbar kwamfuta da janareta, ta keɓe ɗaki, ta ɗauki ma'aikacin da zai kula da su. Yanzu waya da ɗan kuɗin haya na wata sun wadatar. Kuɗin da za a daskarar a ƙarfe ya koma sayen iri.

Na biyu ya shafi yanayin sana'ar kanta. Cinikin shinkafa na lokaci ne. Idan aka yi girbin damina ko na rani, sai aiki ya taso gaba ɗaya cikin 'yan makonni, sannan ya lafa. Wanda ya sayi injin da zai ɗauki nauyin kaka zai bar shi yana zaman banza sauran watanni. Wanda ya yi haya kuwa yana faɗaɗawa a kaka, ya taƙaita idan kasuwa ta kwanta. Haka abin yake ga bikin kamun kifi na Argungu, wanda 'yan kwanaki ne a shekara. Rajistar masunta da masaukin baƙi da watsa bikin kai tsaye duk ayyuka ne da ke kumbura su sace cikin mako guda.

Na uku shi ne tsira daga bala'i. A watan Maris na 2016 gobara ta ci babbar kasuwar Birnin Kebbi. A daminar 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a jihar, ta rushe gidaje. A irin wannan hali ana ƙirga asarar kaya da gini, amma akwai asarar da ba a cika ambata ba, wato littafin bashi. Ɗan kasuwar da kayansa suka ƙone, littafinsa ya tsira, yana da abin da zai bi ya tayar da jari. Wanda littafin ya ƙone tare da kayan ya dogara ne ga tsoron Allah na waɗanda yake bi. Lissafin da ke rumbun nesa ba ya ƙonewa tare da shago.

Na huɗu shi ne shaida. Shirin bashin manoma ya sha suka a kan biyan bashi da kuma zargin shigar manoman bogi. Ba za a ce fasaha kaɗai ce maganin wannan ba, domin wanda ya yi niyyar cuta zai iya shigar da ƙarya a kwamfuta kamar yadda zai rubuta ta a takarda. Sai dai rajista guda da manomi da ƙungiya da kamfani da banki suke gani a lokaci ɗaya, wadda take nuna wanda ya sauya adadi da ranar da ya sauya, ta fi wuyar murɗewa a kan takardun da ke warwatse a ofisoshi. Bugu da ƙari, ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da takardar fili da zai jingina yana iya gabatar da tarihin cinikinsa na shekara biyu ko uku a matsayin abin da mai ba da rance zai duba.

Taskar da Ke Cikin Haɗari

A nan ne batun ya shafi manazarta kai tsaye. Kabi tana da taskar da ba ta da na biyu. Masarauta ce da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, ga kufan Surame, ga gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan adana kayan tarihi a 1958. Bikin kamun kifi a siffarsa ta yanzu ya faro ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. A bayan bikin akwai tsofaffin al'adu irin su gyaran ruwa da fashin ruwa da gyaran gari da shan kabewa, akwai ilimin Sarkin Ruwa, akwai kalmomin su na homa da gora da taru da sunayen kifaye, akwai karin harshen Kabanci. A ɓangaren Gwandu kuma akwai gadon rubuce-rubucen Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da almajiransa, da waƙoƙin ajami da ke hannun gidajen malamai.

Ina wannan taska take a yau? Wani sashe yana cikin ƙwaƙwalwar dattawa. Wani yana cikin kaset-kaset na gidajen rediyo da na masu bincike. Wani yana cikin kundayen digiri da na kwalejojin ilimi, kwafi ɗaya ko biyu a kan kanta, ƙura da gara suna rabon su. Wani kuma yana cikin wayoyin ɗalibai, inda ake goge hirar da aka yi da tsohon masunci da zarar an ci jarrabawa ko ma'ajiyar waya ta cika. Bikin kansa ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020, abin da ke nuna cewa ko al'adar da duniya ta sani tana iya yankewa.

Darussan waje a bayyane suke. A watan Janairu na 2013 an ƙona dubban rubutattun littattafai a Cibiyar Ahmad Baba da ke Tumbuktu. A watan Satumba na 2018 gobara ta cinye gidan tarihi na ƙasar Barazil, har da muryoyin harsunan 'yan asalin ƙasar da aka naɗa, waɗanda wasunsu ba su da sauran masu magana da su. Shi kuwa kaset ba ya buƙatar gobara: zarensa yana lalacewa da kansa, musamman a zafi da danshi, kuma na'urorin sauraronsa suna ƙarewa a kasuwa. Dalili ke nan da UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya suka yi gangamin gargaɗi a kansa a 2019. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ba a jiran sai an yi taro kafin a shafa wa nasa ruwa.

Kuɗin ajiyar bai kai yadda ake zato ba. Sa'a guda ta murya mai ingancin faifan CD tana cin kimanin megabait 600, don haka terabait ɗaya yana ɗaukar fiye da sa'o'i 1,500. Farashin Amazon na ajiya ta yau da kullum ya kai kimanin dala 23 a wata ga terabait guda, ajiyar da ba a taɓawa sai jefi-jefi kuma kimanin dala ɗaya. Sashen Hausa guda zai iya adana duk hirarrakin da ɗalibansa suka naɗa cikin shekaru masu yawa a kan kuɗin da bai kai na shirya taron ƙara wa juna sani ɗaya ba. Ban da tsira, akwai isa: mai bincike a Zariya ko Yamai ko Maraɗi zai saurari Bakabe yana magana ba tare da ya yi tafiya ba, kuma nazarin karin harshe zai tashi daga dogaro da 'yan misalan da ake ta maimaitawa daga littafi zuwa littafi.

Akwai kuma batun injunan da ke koyon harshe daga abin da suka tarar a intanet. Hausar da suka fi tararwa ita ce daidaitacciya ta kafafen watsa labarai. Idan ba a tattara Kabanci da Sakkwatanci da Arewanci cikin tsari ba, injunan da 'ya'yan Hausawa za su riƙa tambaya za su ɗauki “wanga” da “shina” da “hwara” a matsayin kuskuren da ake gyarawa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Masu ɗari-ɗari da wannan fasaha suna da hujjoji, kuma bai kamata a raina su ba.

Na farko, rumbun nesa ba ya buɗuwa sai da wuta da intanet. A watan Satumba na 2023 gobara ta tashi a tashar rarraba wutar lantarki ta Birnin Kebbi, ta jefa Kebbi da maƙwabtanta cikin duhu. A ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni a Nijeriya suka shiga tasku. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Sakkwato da Katsina saboda matsalar tsaro. Wanda duk lissafinsa ke nesa, a irin waɗannan ranaku ba shi da lissafi.

Na biyu, hayar manyan kamfanonin waje da dala ake ƙiyasta ta. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Dala 23 ɗin nan ta tashi daga kimanin naira 10,600 zuwa 34,500 ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Ƙari a kan haka, zuba bayanai kyauta ne, amma kwaso su yana da kuɗi, wanda ga terabait guda kan ninka hayar wata kusan sau huɗu.

Na uku, mai rumbu yana sauya sharaɗi yadda ya ga dama. Google ya daɗe yana bai wa makarantu ajiya mara iyaka, sai ya janye wannan a 2022. Daga watan Disamba na 2023 kuma ya fara aiwatar da ƙa'idar goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Malamin da ya tara aikin rayuwarsa a asusun kansa, ya rasu bai bar wa kowa kalmar sirri ba, taskarsa tana iya bin sa. Rumbun kansa ma yana ƙonewa: a watan Maris na 2021 gobara ta ci cibiyar kamfanin OVH a Faransa, wasu masu haya suka rasa bayanansu har abada. Zanen aro ba ya rufe katara.

Na huɗu shi ne batun iko. Dokar Amurka ta 2018 ta ba hukumomin ƙasar damar neman bayanan da ke hannun kamfanoninta ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Nijeriya ta fitar da manufar hukumar NITDA a 2019 da ke ƙarfafa ma'aikatu su fifita wannan fasaha, tana kuma da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa waje. Amma dokar tana kare bayanan mutum ne. Ilimin da al'umma ta gada, kamar asirin ruwa da magungunan masunta, yana buƙatar wata kariyar dabam. Dattijon da ya yarda ya yi wa ɗalibi bayani domin kundin digiri bai yarda a baza muryarsa ga duniya ba, balle a ciyar da injuna da ita.

Abin da Ya Kamata a Yi

Babu ɗaya daga cikin waɗannan hujjoji da ke nuna a ƙaurace wa fasahar. Abin da suke nunawa shi ne a shige ta da irin wayon da fatake suka shiga harkar ajiya. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja ta Jega suna barin kaya a hannun fatoma, amma sukan san gidansa, su ƙirga kayan a gaban shaidu, kuma ba sa barin duk dukiyarsu a gari guda.

Masana adana bayanai suna da ƙa'ida mai sauƙi: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa. Ga sashen Hausa, wannan yana nufin kwafi a kwamfutar sashe, kwafi a faifan ajiya da ke ɗakin karatu, kwafi a rumbun nesa. Ga ɗan kasuwa kuma, yana nufin zaɓen manhajar da ke aiki ko babu intanet ta aika bayanan daga baya, da buga lissafin a takarda a ƙarshen kowane wata.

Asusun ajiya ya zama na hukuma ne, da sunan sashe ko ɗakin karatu, makullinsa a hannun mutum fiye da ɗaya, kuɗin hayarsa kuma a cikin kasafin shekara. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna iya haɗa taska guda ta kwarin Rima, tare da masarautun Argungu da Gwandu, su nemi tallafin asusun TETFund. Tarayya tana rage kuɗi, tana kuma hana taska mutuwa da ritayar mutum ɗaya. Ya dace a ajiye kwafi ɗaya a cibiyar da ke cikin Nijeriya, wadda ake biya da naira.

Kowane ɗalibin da ya yi binciken fili ya miƙa muryoyin da ya naɗa tare da kundinsa, haɗe da bayanin wanda aka yi hira da shi, da wuri, da rana, da karin harshe. Murya mara wannan bayani kamar buhu ne mara alama a sito. A kuma tanadi takardar neman izini da Hausa, cikin boko da ajami, wadda ke bambanta matakai: abin da kowa zai ji, abin da sai mai bincike da izini, da abin da ba a buɗewa sai da yardar gidan da ya bayar. Wannan takarda, da kalmomin da za a rubuta ta da su, babu wanda ya fi malamin Hausa cancantar tsara su.

Kammalawa

Rumbun nesa yana rage wa ƙaramin ɗan kasuwa jari, yana bin hawa da saukar kaka, yana tsare lissafi daga wuta da ruwa, yana kuma ba manazarta damar ceto abin da kaset da takarda ba za su ƙara riƙewa da daɗewa ba. Farashinsa shi ne dogaro ga wutar da ke yankewa, da kuɗin da ke hawa da dala, da sharuɗɗan da wani ke rubutawa. Duk waɗannan ana iya rage kaifinsu da tsari. Abin da tsari ba ya maidowa shi ne muryar dattijon da ya rasu ba a naɗa ba, da kaset ɗin da ya riga ya manne. Saboda haka aikin da ya fi gaggawa ga sassan Hausa na wannan yanki shi ne su ƙirga abin da ke cikin akwatunansu da kantocinsu a wannan zangon karatu, su fara da mafi tsufa.